SHARHI: Kwamfutar Wasa Mai Rahusa, Riba Ce Ko Cinikin Biri A Sama?

A 'yan shekarun nan wata irin haja ta samu gindin zama a shagunan masu sayar da kwamfuta na ƙasar nan, tun daga kasuwar Computer Village da ke Ikeja a Legas, har zuwa rukunin shagunan Banex na Wuse a Abuja da kasuwar Farm Centre ta Kano. Hajar kuwa ita ce kwamfutar tafi-da-gidanka wadda aka ƙera domin wasannin bidiyo, musamman ajin nan nata mai rahusa, irin su Lenovo LOQ da HP Victus da Acer Nitro da Asus TUF da MSI Cyborg. Ko da yake sunan wasa take ɗauke da shi, da yawa daga cikin masu sayenta ba wasa ne ya kai su ba. Akwai masu zanen gine-gine da masu tace finafinai da masu ɗab'i da ɗaliban fannin injiniya, waɗanda suka gano cewa ita ce hanya mafi sauƙi ta mallakar na'ura mai ƙarfin sarrafa hoto ba tare da an biya kuɗin manyan kwamfutocin ƙwararru ba.

Tambayar da ta kamata ɗan kasuwa ya yi wa kansa, ko mai saye ne don aikin ofishinsa ko mai sarowa don ya sayar, ita ce: shin rahusar nan ta gaskiya ce? Amsar ta rataya ne a kan wasu 'yan abubuwa da ba safai ake rubuta su da manyan baƙaƙe a jikin kwali ba, kuma galibin masu ciniki ba sa tambayarsu. Wanda ya san su zai iya samun na'urar da za ta biya kuɗinta har ta bar masa riba. Wanda kuwa ya tsaya ga sunan kamfani da farashi kawai, to cinikin biri a sama ya yi.

Da farko ya kamata a fahimci cewa kalmar rahusa a nan ta kasuwannin Amurka da Turai ce. A can, kwamfutar wasa ta ajin ƙasa takan kama daga dala 700 zuwa dala 900. Kafin Babban Bankin Nijeriya ya sakar wa kasuwa darajar Naira a watan Yunin 2023, ana canjin dala ɗaya a hukumance a kan wajen N460, a kasuwar bayan fage kuma wajen N750. A farkon 2024 dala ta haura N1,500. Wato na'urar dala 800, wadda ko a farashin bayan fage ba ta wuce N600,000 ba, ta koma ta N1,200,000, tun kafin a ɗora kuɗin dako da na kwastan da harajin VAT na kashi 7.5 cikin 100 da ribar mai shago. Idan aka auna da mafi ƙarancin albashi na N70,000 da aka amince da shi a watan Yulin 2024, wannan kuɗi albashin wata 17 ne na ƙaramin ma'aikaci. Abin da ake kira mai rahusa a can jari ne sosai a nan, don haka wajibi ne a yi masa irin lissafin da ake yi wa jari.

Suna ɗaya, ƙarfi daban

Abin da ya bambanta kwamfutar wasa da ta ofis shi ne katin hoto, wato wani ɓangare na musamman da ke ɗaukar nauyin zana hotuna da bidiyo, ya sauke wa ƙwaƙwalwar kwamfutar wannan ɗawainiya. Galibin na ajin ƙasa katin kamfanin Nvidia suke ɗauke da shi: GTX 1650 na 2019, ko RTX 3050 na 2021, ko RTX 4050 da RTX 4060 na 2023, ko kuma RTX 5050 na 2025. Mai saye yakan ɗauka cewa duk kwamfutoci biyu da ke ɗauke da kati mai suna ɗaya, ƙarfinsu ɗaya ne. Wannan zato shi ne kuskure mafi tsada a cikin cinikin.

Dalili kuwa shi ne, Nvidia ya ba masu ƙera kwamfuta damar zaɓen yawan wutar da za su bari katin ya sha. Ga RTX 4050 da RTX 4060, iyakar ta kama daga wat 35 har zuwa wat 115. Kamfanin da ke son na'urarsa ta fito siririya, ko yake son rage kuɗin fanka da bututun fitar da zafi, sai ya taƙaita katin a wat 45, kamar yadda aka yi wa MSI Cyborg 15. Wani kuma ya bar shi a wat 95, kamar Lenovo LOQ 15 ta 2023. Dukansu RTX 4050 aka rubuta a jikinsu, amma a aiki mai nauyi ta biyun takan bar ta farkon a baya da tazara mai yawa. Misalinsu kamar manyan motoci biyu ne masu inji iri ɗaya, amma an ɗaure totur ɗin ɗaya daga cikinsu. A tasha ba mai ganewa, sai an kai hawa da kaya.

Wannan adadi ba sirri ba ne. Tun a 2021 Nvidia ya buƙaci masu ƙera kwamfuta su riƙa bayyana shi a cikin bayanan hajarsu, kuma ana iya ganinsa a manhajar Nvidia da ke kan kwamfutar, a shafin bayanan na'ura. Sai dai ya kamata a lura cewa amfanin ƙarin wuta yana da iyaka. Ga waɗannan katuna na ajin ƙasa, da zarar an haura wajen wat 100, ƙarin gudun da ake samu kaɗan ne ƙwarai, saboda haka babu hikima a biya maƙudan kuɗi don kawai an ga babban adadi.

Abu na biyu shi ne ma'ajiyar da ke jikin katin kansa. GTX 1650 da RTX 3050 na farko giga 4 gare su, RTX 4050 yana da giga 6, RTX 4060 da RTX 5050 kuma giga 8. Wannan ma'ajiya a like take, ba a cire ta, ba a ƙara ta. Idan aikin ya fi ƙarfinta, kamar tace bidiyo mai tsananin kyan hoto ko zanen katafaren gini, sai hoto ya riƙa sarƙewa, wani lokaci manhajar ta rufe kanta ana tsakiyar aiki. Wanda ya sayi mai giga 4 a yau don aikin sana'a ya sayi rariya, kuma ya san za ta zubar da ruwa.

Haka nan sunan ƙwaƙwalwar kwamfutar yakan ruɗi jama'a. A kasuwa, da an ce Core i7 sai farashi ya ɗaga, alhali shekarar ƙira ta fi sunan muhimmanci. Alal misali, Core i7-7700HQ na 2017 cibiyoyin aiki huɗu gare shi, shi kuwa Core i5-12450H na 2022 takwas gare shi, kuma ya fi shi gudu nesa ba kusa ba. Lambar da ke biye da sunan ita ce mai faɗin gaskiya.

Inda aka matse don farashi ya sauka

Babu kamfanin da ke sayar da haja don ya faɗi. Idan aka ga kwamfuta mai katin hoto na zamani a farashi mai sauƙi, to an matse a wani wuri, kuma aikin mai saye shi ne ya gano wurin, ya ga ko zai iya jurewa.

Wuri na farko shi ne RAM, wato ma'adanar wucin gadi da kwamfuta ke baza aikinta a kai. Da yawa daga cikin masu rahusa da giga 8 suke zuwa, a sanda ɗaya. Giga 8 ya yi kaɗan ga manhajoji irin su Adobe Premiere Pro da Revit, sanda ɗaya kuma takan rage gudu idan aka kwatanta da biyu masu aiki tare. A da wannan ƙaramar matsala ce, domin ƙara sanda ta biyu ba ta da tsada. Amma a ƙarshen 2025 farashin RAM ya yi tashin gwauron zabi a kasuwannin duniya, saboda manyan cibiyoyin ƙirƙirarriyar basira sun rinjayi masana'antu zuwa biyan buƙatunsu, har kamfanin Micron ya ba da sanarwa a watan Disamba na wannan shekara cewa zai daina sayar wa ɗaiɗaikun jama'a kayansa masu tambarin Crucial. Darasin shi ne, kada a sayi mai giga 8 da niyyar za a ƙara daga baya, sai an fara tambayar farashin ƙarin an haɗa shi da kuɗin na'urar.

Wuri na biyu shi ne allon kallo. Akan tallata cewa yana sabunta hoto sau 144 a daƙiƙa ɗaya, wanda abu ne mai daɗi ga mai wasa. Abin da ba a cika faɗa ba shi ne, allunan ajin ƙasa da dama kashi 45 cikin 100 kawai na ma'aunin launi na NTSC suke iya nunawa, wato wajen kashi biyu cikin uku na launukan da aka saba aiki da su a intanet da ɗab'i. Ga mai buga ƙwallo a kwamfuta wannan ba komai ba ne. Ga mai zana katin biki ko allon talla a CorelDRAW kuwa, launin da ya gani a allo zai iya bambanta da wanda zai fito a takarda, kuma idan mai aiki ya ƙi karɓa, asarar takarda da tawada a kansa take. Irin wannan mutum dole ya sa kuɗin wani allo na daban a cikin lissafinsa.

Sauran wuraren su ne ma'ajiyar fayiloli, wadda galibi giga 512 ce alhali wasu wasanni ɗaya kaɗai yakan haura giga 100, da jikin roba, da maɗaurin murfi da kan yi rauni bayan yawan buɗewa da rufewa. Waɗannan ana iya haƙuri da su matuƙar an san da su tun farko.

Zafi, ƙura da wutar lantarki

Masu gwada kwamfutoci a ƙasashen waje sukan yi gwajinsu a ɗaki mai sanyi da wutar da ba ta yankewa. Sakamakon da suke bugawa gaskiya ne, amma gaskiyar ɗakinsu ce. Kwamfuta tana da ƙa'idar kare kanta: idan zafin cikinta ya kai wani mataki, sai ta rage gudu da kanta don kada ta ƙone. A garuruwa irin su Sakkwato da Maiduguri da Kano, inda zafin bazara kan haura digiri 40, na'urar da aka matse wa fanka za ta kai wannan mataki da wuri, ta yi yini tana aiki ƙasa da ƙarfin da aka biya. Idan hunturu ya shigo kuma, ƙura takan toshe hanyoyin iska, lamarin ya ƙara muni. A Legas da Fatakwal ma, shagon da ba shi da na'urar sanyaya ɗaki bai tsira ba. Saboda haka kwamfuta mai kauri da fanka biyu da manyan kafofin iska ta fi dacewa da ƙasar nan a kan siririya mai ban sha'awa, kuma buɗe ta a share ƙura lokaci zuwa lokaci yana cikin kuɗin riƙonta.

Batun wuta ya fi wannan nauyi. Kwamfutar wasa ba ta ba da cikakken ƙarfinta sai tana jone da caja. A kan batir kaɗai takan rage gudu sosai, kuma batiran ajin ƙasa, waɗanda galibi ba su wuce ƙarfin wat-awa 50 zuwa 60 ba, da wuya su kai awa biyu a aiki mai nauyi. Wanda ya saye ta da tunanin za ta rufa masa asiri idan an ɗauke wuta zai sha mamaki.

Ga kuma lissafin kuɗin wutar. A ɗauka na'urar tana shan wat 150 a aiki mai nauyi na awa takwas. Wannan yunit 1.2 ke nan a rana. A farashin N225 kowane yunit da hukumar NERC ta sanya wa masu rukunin A a watan Afrilun 2024, kafin a ɗan rage shi daga baya, kuɗin ya kama N270 a rana, ko wajen N7,000 a watan aiki mai kwana 26. Kwamfutar ofis mai shan wat 30 kashi ɗaya cikin biyar na wannan za ta ci. Kuɗin ba mai karya jari ba ne idan wutar gwamnati ce. Matsalar tana ga mai dogaro da janareta, wanda tun bayan cire tallafin man fetur a watan Mayun 2023 kowane yunit ke zo masa da tsada ninkin ba ninkin, da kuma mai dogaro da inbata. Batirin mai ruwa na bolt 12 da amfiya-awa 100, wanda rabin abin da ke cikinsa kaɗai ake so a riƙa ja don ya daɗe, wajen awa huɗu zai riƙe irin wannan kwamfuta, ba tare da an kunna ko fanka ɗaya ba.

Sabuwa ko ta hannu

Tsadar sabbi ta tura mutane da yawa zuwa ga na hannu, waɗanda ake kira tokunbo. Akwai alheri a cikinsu, domin kwamfutar ajin sama da ta shekara biyu ko uku takan fi sabuwa ta ajin ƙasa ingancin jiki da na allo. Amma kwamfutar wasa ta bambanta da ta ofis, domin rayuwarta duka a cikin zafi take yi. Katin hoton kuma a like yake da babban allon ciki, don haka idan ya mutu, gyaransa yakan kusanci kuɗin wata na'urar.

Bugu da ƙari, kamfanin Microsoft ya kawo ƙarshen tallafin da ya saba bai wa Windows 10 a ranar 14 ga Oktoban 2025, kuma Windows 11 a hukumance ba ta karɓar galibin ƙwaƙwalwan Intel da suka girmi zubi na takwas. Core i7 ɗin nan na 2017 da aka ambata a sama yana cikin waɗanda aka bari a baya. Ofishin da ke ajiye bayanan abokan ciniki ko yake hulɗa da banki ta kwamfuta bai kamata ya ɗauki wannan da wasa ba, kuma mai shagon da ya tara irin waɗannan a kanta ya sani cewa darajarsu sauka take yi.

Su ma sabbin ba duka ke da garantin da zai yi aiki a nan ba. Wadda aka sayo daga Amurka ko Dubai ba ta hannun wakilin kamfani ba, ba lallai ne cibiyar gyara ta kamfanin a Nijeriya ta karɓe ta kyauta ba. Ana iya tantance wannan cikin mintuna kaɗan ta hanyar sanya lambar jikin na'urar a shafin kamfanin da ya ƙera ta.

Lissafin da ya dace

Ma'aunin daraja shi ne abin da na'ura ke ci a kowane wata na rayuwarta, idan aka kwatanta da abin da take kawowa. A ɗauki misali na ƙiyasi. Wani ya sayi ta N1,000,000 mai giga 4 a katin hoto, bayan shekara biyu aikinsa ya fi ƙarfinta, ya sayar da ita N300,000. Ya ci N700,000 a wata 24, wato wajen N29,000 a wata. Wani kuma ya sayi ta N1,300,000 mai giga 8 da isasshiyar fanka, ta yi masa shekara huɗu, ya sayar N400,000. Ya ci N900,000 a wata 48, wato N18,750 a wata. Wanda ya biya da yawa a ranar ciniki shi ne ya biya kaɗan a ƙarshe. Da ma Hausawa sun ce araha ba ta ado.

Sai dai adalci ne a faɗi ɗaya ɓangaren. Ƙarin N300,000 ba kyauta yake zuwa ba. A lokacin da Babban Banki ya kai kuɗin ruwansa na ma'auni kashi 27.5 cikin 100, a watan Nuwamban 2024, rancen banki ya fi haka tsada, kuma ko kuɗin mutum ne na kansa, da ya juya su a wata haja da sun haifar masa da wani abu. Don haka ƙarin yana halatta ne kawai idan aikin yana buƙatarsa.

A nan ne masu saye suka kasu. Mai tace bidiyon biki ko fim, da mai zanen gini mai fuska uku, katin hoto yana rage musu awannin jira, kuma lokacin da aka rage aiki ne da za a ƙara karɓa. Gare su kwamfutar wasa mai rahusa ciniki ne mai kyau, muddin katin yana da aƙalla giga 6, an bar masa isasshiyar wuta, kuma RAM ya kai giga 16. Mai lissafin shago da rubuta wasiƙu da hulɗa da banki kuwa ba abin da zai ƙaru da shi illa nauyi da ƙarar fanka da batir mai saurin ƙarewa, kwamfutar ofis ta fi masa ta kowace fuska. Shi kuma mai niyyar buɗe gidan wasa don matasa su riƙa biya suna buga ƙwallo, na'urar PlayStation da talabijin sun fi masa sauƙin kulawa da jure hannaye da yawa. Wanda aikinsa a teburi ɗaya yake, kwamfutar girke ta fi ba da ƙarfi a kan kuɗi ɗaya, kuma ana sauya sassanta ɗaya bayan ɗaya, ko da yake ita ba ta da batirin da zai ceci aiki idan wuta ta yanke.

Gani ya kori ji. Kafin a biya, ya kamata a kunna na'urar a shago, a ɗora mata aiki mai nauyi na kamar rabin awa, a ga ko gudunta zai ragu ko fankarta za ta canja murya, a duba adadin wat na katin, a nemi rahoton lafiyar batir wanda Windows ke iya fitarwa, sannan a tabbatar an rubuta cikakkiyar lambar ƙira da sharuɗɗan garanti a kan rasit. Mai shagon da ya ƙi yarda da wannan gwaji ya riga ya ba da amsa.

Ga 'yan kasuwa masu sarowa, ribar da ke cikin jahilcin mai saye gajeriya ce. Matasan da ke sayen waɗannan na'urori suna ƙara wayewa, suna kuma gaya wa juna inda aka cuce su da inda aka yi musu gaskiya. Shagon da ya fara rubuta wat da giga da shekarar ƙira a jikin kowace haja zai rasa ɗan abin da yake samu daga ruɗani, amma zai sami abokan ciniki masu dawowa da 'yan uwansu. Ya dace ƙungiyoyin 'yan kasuwar kwamfuta na Ikeja da Abuja da Kano su mayar da wannan ƙa'ida a tsakanin membobinsu, tun kafin a tilasta musu. Ita ma hukumar FCCPC, wadda dokar gasa da kare haƙƙin masu saye ta 2018 ta kafa, tana da hurumin hana bayanin haja mai ɓatar da mai saye, kuma ya kamata ta waiwayi wannan kasuwa, domin kuɗin da matashi ke kaiwa can sau da yawa shi ne dukan jarin da iyalinsa suka tara masa don ya fara sana'a.